Haɗin gwiwar makaranta da masu ƙasa a Ostireliya: amsa ga wata uwa a Adelaide

Tambayar ta fito ne daga wata 'yar'uwa da ba ta daɗe da komawa birnin Adelaide na Ostireliya da iyalinta ba. Makarantar firamaren da 'yarta take ta aiko da takarda cewa za ta ƙulla haɗin gwiwa da dattawan al'ummar Kaurna, ana kuma neman iyayen da za su shiga kwamiti. Tana son ta san su wane ne mutanen nan, me ya haɗa su da karatun yara, abin na gaske ne ko biki ne kawai, sannan hayaƙin da yarinyar ta ce an yi musu a filin makaranta bai taɓa addini ba?

Hajiya, barka da zuwa, Allah ya sa kun zo a sa'a. Na yi shekaru ina koyarwa da horar da malamai a ƙasar nan, na zauna a irin kwamitin da ake gayyatarki, don haka zan gaya miki ra'ayina tun daga farko: ki shiga. Amma ki shiga da tambaya guda a ranki, wato a cikin wannan haɗin gwiwa wa ke da ta cewa? Idan dattawan ne ke yanke abin da za a koyar game da ƙasarsu, da wanda zai koyar, da lokacin da za a koyar, to aiki ake yi. Idan kuwa makaranta ce ta gama tsara komai sannan ta aika a zo a yi rawa ranar taro, to ado ne, kuma mutanen sun daɗe da gajiya da zama ado.

Kuskuren farko da mu baƙi muke yi shi ne ɗaukar Aborijin, wato 'yan asalin wannan nahiya, a matsayin ƙabila ɗaya. Lokacin da jiragen Ingila suka sauka a Sydney a 1788, ana magana da harsuna sama da 250 a wannan nahiya, kowace al'umma da iyakarta da dokokinta. Mutanen sun fi shekara dubu hamsin a nan. A ƙidayar 2021, waɗanda suka bayyana kansu a matsayin Aborijin ko mutanen tsibiran Torres sun haura 800,000, kashi uku da ɗoriya cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Filin da Adelaide ke kai na Kaurna ne. Ana rubuta sunan da K, amma a baki kamar "Gana" ake faɗa, ki riƙe wannan kafin ranar taro. Sunan tsakiyar birnin a harshensu Tarntanya, kogin da ya ratsa shi kuma Karrawirra Pari. A watan Maris na 2018 kotun tarayya ta tabbatar musu da haƙƙin asali a kan yankin.

Idan suka ce "ƙasa", ba taƙi ko fuloti suke nufi ba. Ƙasa a wurinsu ta haɗa da ruwa da itatuwa da dabbobi da taurari da labaran kakanni da harshe, kuma suna maganarta kamar yadda ake maganar dangi: ana gaishe ta, ana kewarta, tana rashin lafiya idan an bar ta. Shi ya sa suke kiran kansu masu kula da ita, masu riƙon amanarta. Wannan ya kawo mu ga wani bambanci da makarantu kan yi tuntuɓe a kansa. Aborijin da yawa da ke zaune a Adelaide ba Kaurna ba ne. Akwai Ngarrindjeri daga bakin kogin Murray, akwai Narungga, akwai Pitjantjatjara daga can hamadar arewa. Dukkansu suna da abin koyarwa, amma ba su da izinin yin magana da sunan wannan ƙasa. Mutum zai iya shekara arba'in a gari, ya yi gida ya yi jikoki, amma ranar da za a tarbi baƙo da sunan gari, mai gari ake nema.

To me ya sa makaranta? Saboda makaranta na cikin manyan hanyoyin da aka bi aka raba su da abin da suke da shi, kuma tarihin Adelaide kansa ya isa misali. Turawa sun kafa mulki a Kudancin Ostireliya a 1836. Bayan shekara biyu wasu 'yan mishan Jamusawa biyu, Teichelmann da Schürmann, suka iso, suka koyi harshen Kaurna, suka buɗe makaranta a Pirltawardli a bakin kogi a ƙarshen 1839, inda yara ke karatu da rubutu da harshensu. A 1840 suka buga nahawu da jerin kalmomi kusan 2,000. A 1845 hukuma ta kwashe yaran ta mayar da su makarantar da Ingilishi kaɗai ake yi. Daga nan aka riƙa tura mutanen zuwa matsugunan mishan nesa da gida, irin su Point Pearce da Point McLeay. Tsohuwar da aka sani a matsayin ta ƙarshe da ta tashi da harshen a bakinta, Ivaritji, ta rasu a 1929.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne ɗauke yara. Daga wajen 1910 zuwa shekarun 1970, hukumomi sun riƙa raba yaran Aborijin da iyayensu da ƙarfin doka, musamman waɗanda ke da jinin Turawa, a kai su gidajen reno. Ɗaya daga cikin gidajen, Colebrook, yana nan unguwar Eden Hills a Adelaide har zuwa 1972. Yau idan kin je wurin za ki ga mutum-mutumin wata uwa zaune, hannuwanta a buɗe babu kowa a ciki. Marigayiya Lowitja O'Donoghue, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan shugabannin Aborijin, an ɗauke ta tana shekara biyu, ba ta sake ganin mahaifiyarta ba sai bayan fiye da shekara talatin. A jihar New South Wales kuwa, har 1972 shugaban makaranta na da damar hana yaron Aborijin shiga aji idan iyayen Turawa suka yi ƙorafi. Sai ranar 13 ga Fabrairu 2008 firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi gafara. Ina kawo miki waɗannan ne don ki gane dattijuwar da za ta zauna kusa da ke a kwamiti. Mai yiwuwa ita ce yarinyar da aka ɗauke, ko 'yarta ce. Idan kin ga tana jan jiki, tana sauraro fiye da magana, ba girman kai ba ne. Shigowarta harabar makaranta kaɗai babban abu ne.

Abin da ke sa ni ƙwarin gwiwa shi ne, ta makaranta harshen ya dawo. Wajen 1990 wasu 'yan Kaurna da masanin harshe Rob Amery suka koma kan rubuce-rubucen Jamusawan nan, har da wasiƙun da yaran Pirltawardli suka rubuta da hannunsu aka adana a Jamus. Suka fara da waƙoƙin yara. A 1992 makarantar Kaurna Plains da ke Elizabeth, ƙarƙashin shugabarta Alitya Rigney, mace ta farko 'yar Aborijin da ta shugabanci makaranta a ƙasar, ta sa harshen cikin darussa. A 2002 aka kafa kwamitin Kaurna Warra Pintyanthi don kula da harshen, shi ya riƙa duba buƙatun masu son sanya wa gini ko aji suna da Kaurna. Sun ƙirƙiro sababbin kalmomi ma. Kwamfuta sun kira ta mukarntu, daga kalmar ƙwaƙwalwa da ta walƙiya, abin da ya tuna mini da namu "na'ura mai ƙwaƙwalwa". Suna da sunayen jerin haihuwa, ɗan fari Kartamiru, 'yar fari Kartanya, kamar yadda mu ma suna kan nuna matsayin yaro a ɗaki, irin su Auta da Gambo. Duk lokacin da 'yarki ta dawo gida ta ce miki "Niina marni?", wato kina lafiya, ki san kalmomin nan sun yi kusan shekara sittin babu mai furta su a hira.

Yanzu ga batun abin da za ki riƙa gani a taruka. Iri biyu ne, mutane kan cakuɗa su. Na farko marabar masu ƙasa, wadda a takardun makaranta za ki ga an rubuta Welcome to Country. Wannan sai ɗan asalin wurin da al'ummarsa ta amince masa. Tsohuwar al'ada ce: baƙo ba ya kutsawa ƙasar wasu, yakan tsaya a iyaka ya jira a zo a shigo da shi, a ba shi kariya, shi kuma ya kiyaye dokar wurin. Duk wanda ya tashi a gidan da ake sallama a zaure a jira izini ba zai ga baƙon abu a nan ba. Na biyu shi ne 'yar gajeriyar magana da kowa zai iya yi, malami ko ɗalibi, ta amincewa cewa a ƙasar Kaurna ake zaune, tare da girmama dattawansu. Wannan ta biyun ita ce ta fi saurin zama haddar da ake karantowa ba a ji a zuciya. Makarantar da ta san abin da take yi takan sa yara su rubuta tasu da kalmominsu, bayan sun fita sun ga abin da suke magana a kai.

Hayaƙin kuwa, ganyen itatuwan gida ne, sau da yawa na bishiyar turare, ake ɗorawa a kan garwashi a cikin wani ɗan akushi na itace ko a ƙasa, ya yi hayaƙi fari mai ƙamshi, mutane su ratsa ta ciki. Ba zan ce miki al'ada ce kawai babu imani a ciki ba, domin ba gaskiya ba ne. A wurin masu yi, hayaƙin yana tsarkake wuri da mutane, yana kore mugun abu, yana da alaƙa da kakanni. Ba a tambayar yaro ya furta wata aƙida ko ya yi sujada, amma ma'anar tana nan. Hukuncin shiga ciki ki nema wajen malaman addini da kika amince da su. Abin da ni zan tabbatar miki ta fuskar makaranta shi ne ba dole ba ne. Ki rubuta wa malamar aji tun kafin ranar, yarinya ta tsaya gefe cikin natsuwa ta kalla. Na ga yara Musulmi da Kiristoci sun yi haka, ban taɓa ganin dattijon da ya ɗauke shi raini ba. Mutanen da aka tilasta wa barin nasu sun fi kowa sanin zafin tilas. Abin da ke ɓata musu rai shi ne dariya da surutu da ɗaukar hoto ba izini. Kuma ki sani Musulmi ba sababbin baƙi ba ne a wurinsu: masunta daga Makassar ta Indonesiya sun yi ta zuwa gaɓar arewa tun ƙarni na 18 har zuwa 1907, suna cinikayya da mutanen Yolŋu, har yau kalmar kuɗi a harshen Yolŋu rrupiya ce. Masu raƙuma da ake kira Afgan su ma sun zo tun shekarun 1860, da yawansu suka auri matan Aborijin.

Bari in ba ki abin da na gani da idona, don shi ya koya mini bambancin ado da aiki. A wata makaranta da na yi aiki da ita, malamai sun shirya makon al'adu da kyakkyawar niyya. An sayo fenti da tsinken auduga, kowane yaro zai yi zanen ɗige-ɗige, an kuma naɗe kwalaye an yi dogayen bututun busa. Aka gayyato wata dattijuwa, irin waɗanda ake kira Anti don girmamawa, kamar yadda muke cewa Inna ko Gwaggo. Ta zagaya ajin a hankali, ta duba zanen yara ɗaya bayan ɗaya, ta yaba musu. Da aka zauna shan shayi sai ta faɗa wa malaman a natse cewa babu ɗaya daga cikin abubuwan nan da yake na mutanenta. Gaskiyarta ce. Zanen ɗige-ɗige da duniya ta sani ya fito ne daga Papunya, a hamadar tsakiyar ƙasar, inda a 1971 wani malami, Geoffrey Bardon, ya ƙarfafa wa dattawa gwiwa suka zana labarin kakanninsu a bangon makaranta. Alamomin suna da masu su, wasu ma sirri ne. Bututun busar kuma, wanda Yolŋu ke kira yidaki, na arewacin ƙasar ne, a al'ummomi da dama maza kaɗai ke busa shi.

Sai ta ce a kai ta bayan makaranta. Akwai wani ɗan rafi a can da aka kewaye da waya, yara ba sa zuwa sai ƙwallo ta faɗa. Ta tsaya ta nuna musu wata tsohuwar bishiya mai tabo dogo a jikinta, inda aka taɓa ɓare ɓawo aka yi garkuwa ko abin ɗaukar kaya, bishiyar kuma ba ta mutu ba domin an san yadda ake yanka. Ta tsinko wata ciyawar bakin ruwa ta murza ta a cinyarta, nan take ta zama igiya. Yara suka yi tsit. Malamin da ya shekara goma yana wucewa ta wurin bai taɓa lura da tabon ba. Daga ranar aka sauya tsari. Rafin ya zama aji: lissafi a awon zurfin ruwa, kimiyya a ƙidayar tsuntsaye da kwaɗi, rubutu a labarin abin da aka gani, ita kuma tana zuwa sau biyu a zango, da albashinta.

Wanda ke son ganin inda abin ya kai ƙarshen zurfi sai ya dubi Yirrkala, a Arnhem Land da ke arewa mai nisa. Tun farkon shekarun 1970 makarantar ke koyarwa da harshen Yolŋu da Ingilishi. A shekarun 1980 malamai 'yan gari suka dage sai dattawa sun sami iko a kan manhaja da ɗaukar ma'aikata. Dattawan suka ba su wani kwatance, ganma: wurin da ruwan teku mai gishiri ke haɗuwa da ruwan daɗi na tudu, su cakuɗa, kumfa ya taso a sama, amma kowane ruwa bai daina zama kansa ba. Haka suke son ilimin biyu ya zauna. Har lissafi suka gina a kan tsarin dangantakarsu, gurruṯu, wanda ke da zagaye da maimaici irin na darasin lissafi. Ɗaya daga cikin jagororin aikin, Dakta Yunupingu, ya zama shugaban makarantar a 1990, shi ne kuma mawaƙin ƙungiyar Yothu Yindi. Na bar sunansa na farko da gangan, domin bayan rasuwarsa a 2013 al'adar mutanensa ta hana ambatonsa na wani lokaci, kuma mu da muka san alkunya ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2008 gwamnatin yankin ta ba da umarnin a yi sa'o'i huɗu na farkon kowace rana da Ingilishi zalla, abin da ya karya shirye-shiryen harshe biyu a wurare da dama. Yirrkala ta riƙe nata, saboda jama'ar gari na ganin makarantar tasu ce. Makarantar 'yarki ba za ta zama Yirrkala ba, yawancin yaranta ba Aborijin ba ne, amma ma'aunin ɗaya ne.

Idan kin zauna a kwamiti, ki fara tambayar kuɗi, ko da wasu za su ji nauyi. Ana biyan mai gyaran famfo, ana biyan baƙon da ya zo koyar da kiɗa, amma sau da yawa ana sa ran dattijo ya zo ya zuba ilimin shekara saba'in a ba shi fure da kofin shayi. A sa kuɗinsu a kasafin shekara, a biya a kan lokaci, a tanadi motar ɗauko su. Ki tambayi kuma wa ke da mallakin abin da aka naɗa. Idan Anti ta ba da labari aka ɗauka a bidiyo, ba ya zama kayan makaranta da za a ɗora a intanet ko a ba wani malami ya riƙa maimaitawa. Akwai labaran da na mata ne, akwai na maza, akwai waɗanda ba a faɗa sai a wurin da suka faru. Idan aka ce wannan ba na faɗa ba ne, a bar shi.

Sannan haƙuri da lokaci. Za a sa rana, a shirya komai, da safe a bugo waya a ce an yi rasuwa ba za a zo ba. Zaman makoki a wurinsu yana gaba da kowane alƙawari, yana iya ɗaukar makonni. Na ga shugaban makarantar da ya fusata a kan haka, haɗin gwiwar ta mutu a nan. Na ga wata kuma da ta ɗauki abinci ta je gaisuwa, yau fiye da shekara goma ana tare. Zumunta a ƙafa take. Ke da kika fito daga inda ake rufe shago a tafi jana'iza, kina iya zama wadda za ta fahimtar da sauran iyaye wannan, kuma ba ƙaramar gudummawa ba ce.

Ki nemi a rubuta yarjejeniyar, don kada ta tafi da tafiyar malami ɗaya mai himma. Ƙungiyar Reconciliation Australia tana da shiri mai suna Narragunnawali da ke taimaka wa makarantu su tsara irin wannan alƙawari a rubuce, manhajar ƙasa ma ta tanadi a saka tarihi da al'adun Aborijin a cikin darussa daban-daban, ba a mako guda ba. Makon sulhu na 27 ga Mayu zuwa 3 ga Yuni da makon NAIDOC na Yuli, wato makon bikin tarihi da al'adun Aborijin, suna da kyau, amma ki duba abin da ake yi a watannin da babu biki, irin su Maris da Oktoba. Abu ɗaya da nake roƙo ki sa wa ido: yaran Aborijin da ke makarantar. Kada malami ya juya ga yarinya 'yar shekara takwas a gaban aji ya ce ta yi bayanin al'adar mutanenta. Wata ba ta sani ba, saboda kakarta aka ɗauke, kuma kunyar da za ta ji ba kaɗan ba ce. 'Yarki ma ta san yadda ake ji idan aka ce ta yi bayanin Afirka gaba ɗaya.

Kafin zaman farko, ki ɗauki yaran ranar Asabar ku je Warriparinga, kudu da birni, inda cibiyar al'adun Kaurna take. Daga yankin ne labarin Tjilbruke ya bi gaɓar teku zuwa kudu: kakan da ya ɗauki gawar ɗan 'yar'uwarsa yana tafe yana kuka, duk inda ya tsaya hawayensa suka zama idon ruwa. Ɗaya daga cikin idanun yana Kingston Park, dab da ruwan gishiri. Ranar taro kuma, idan dattijuwar ta ce "Marni naa pudni", maraba take yi muku. Idan ta tambaye ki "Niina marni?", amsar ita ce "Marni'ai". In kin tashi tafiya ki ce mata "Ngaityalya", kin gode ke nan.